Tirela da Muhalli: Abin da Ke Gaskiya da Abin da Ke Ji-ta-ji-ta a Hanyar Kwanar Dangora

Duk wanda ya bi titin Kano zuwa Zariya da daddare ya ga yadda manyan motoci ke jeruwa a gefen kwalta tun daga Kwanar Gafan har Kwanar Dangora, inda wata hanya ke ɓallewa ta nufi Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore da ƙasar Doguwa, ta miƙe Jos. Direbobin nan da yaransu motar ce gidansu. Sukan yi mako biyu ko uku ba su ga iyali ba. Direba ya kwana a kan mota, yara su shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin bodi, a dafa shinkafa a risho, a yi alwala da ruwan jarka. A kan wannan rayuwa maganganu sun yi yawa. Mutanen gari na cewa hayaƙin tirela ne ya rikita damina, zaman direbobi ne ya ƙazanta garuruwan bakin titi, su ne kuma ke cinye Falgore. Direbobi su ma da nasu zancen: baƙin hayaƙi alamar ƙarfin inji ne, barin mota a kunne ya fi kashe ta, baƙin mai kuwa ƙasa na shanye shi a wuce wurin. Idan aka tace maganganun, za a tarar kowane ɓangare ya ɗora laifi inda ba nan yake ba. Ɓarnar tirela gaskiya ce, sai dai ba a sararin sama take ba, ba kuma a kwanan direba ba. A ƙasa take, a ruwa, a kwalta, da cikin ƙirjin masu sana'a a bakin titi.

Batun damina shi ya fi saurin yaɗuwa, shi ne kuma ya fi rauni. Tabbas kowace litar man gas da aka ƙona tana fitar da kusan kilo 2.7 na iskar kabon mai ɗumama duniya. Tirela mai lodi na shan lita 35 zuwa 40 a kilomita 100, har fiye idan ta tsufa, don haka tafiya ɗaya daga Kano zuwa Legas, kimanin kilomita 1,000, ta kai tan guda na wannan iska. Amma iskar ba ta tsayawa a saman Bebeji ta tare girgije. Tana cakuɗuwa da ta duniya baki ɗaya, kuma abin da Najeriya gaba ɗayanta ke fitarwa ta hanyar ƙona mai bai kai kashi 1 cikin 100 na duniya ba. Tarihin yankin ma ya isa shaida. Farin 1973 da na 1984 sun zo ne lokacin da motocin hanyar ba su kusa da yawansu na yau ba, sannan a watan Agustan 1988 ruwa ya yi yawan da madatsar Bagauda ta fashe. Sauyin yanayi gaskiya ne, manomin Kiru na ji a jikinsa, amma ba motar da ta kwana a bakin gonarsa ce ta jinkirta masa shuka ba.

Mai ƙorafi zai ce to ai tan guda ba wasa ba ne. Haka ne, amma a raba shi da kayan da aka ɗauka. Tirelar da ta kwashi tan 30 na masarar Doguwa ko shinkafar Tudun Wada, idan aka ce ƙananan motoci masu ɗaukar tan ɗaiɗai su maye gurbinta, talatin ake buƙata, kowacce na shan wajen lita 10 a kilomita 100. Lita 300 ke nan a inda babbar ta sha 40. A cikin duk abin da ke hawa kwalta, babu wanda ya kai babbar mota tsimin mai a kan kowane buhu. Jirgin ƙasa ne kaɗai ya fi ta a doron ƙasa, shi kuwa layin da ya iso Kano a 1911 ya daɗe da daina ɗaukar kayan da ya saba, sabon layin Kano zuwa Kaduna kuma sai a 2021 aka ƙaddamar da aikinsa.

Zaman direba a mota kuwa, in ana maganar adalci, yana cikin rayuwa mafi ƙarancin ɓarna. Mutumin da ruwansa jarka biyu ne, wutarsa batirin mota, ɗakinsa bai fi faɗin tabarma ba, bai kai mai gida da janareto cin albarkatun ƙasa ba. Ƙazantar da ake gani a inda suke yada zango, ledoji da robobi da bahaya a bayan shaguna, ba ƙarya ba ce. Amma mota ɗari in ta kwana a wurin da ba bayan gida, ba famfo, ba juji, sakamakon ɗaya ne ko su wane ne a ciki. Wannan gazawar tsari ce, kuma garuruwan da ke cin kasuwar shayi da abinci da faci daga direbobin suna da haƙƙin a gina musu tasha ta gaske.

Inda direbobi suka yi kuskure shi ne batun hayaƙi, kuma nan ne abin ya fi ciwo. Baƙin hayaƙi ba ƙarfi ba ne, mai ne da bai ƙone ba: nozul ya lalace, filtar iska ta toshe, ko an buɗe famfon mai fiye da kima don motar ta ja lodin da ya fi ƙarfinta. Kuɗin mai motar ne ke fita ta salansa. Ƙananan ɓurɓushin da ke cikinsa suna shiga can cikin huhu, kuma a 2012 hukumar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin man gas a jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa. Wa ke shaƙarsa? Mai shayi, yarinya mai tallar gyaɗa, bakanike, da yaron motar da ke kwance daf da salansa. Shi ya sa al'adar barin inji a kunne na awanni ta fi kowace muni. Babbar mota a tsaye tana shan kusan lita 3 a awa ba ta matsa ko taku ɗaya ba. Direba zai ce batirinsa ba ƙarfi, in ya kashe sai da turi, wannan kuma uzuri ne na gaske. Amma da litar gas ta haura naira 1,000, man da ake ƙonawa a tsaye cikin 'yan makonni ya isa sayen batir. Ba duka laifin ke wuyan direba ba. A 2016 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta fallasa yadda ake shigo wa Afirka ta Yamma da man gas mai yawan farar wuta, a lokacin da Najeriya ke amincewa da ninki 300 na abin da Turai ta yarda da shi. Direba bai zaɓi abin da ke cikin famfon gidan mai ba.

Baƙin mai shi ne ɓarnar da ba a cika magana a kanta ba, alhali a wannan yanki ya fi ko'ina haɗari. Duk juyen mai na babbar mota yana fitar da lita 30 ko fiye, ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da gubar da inji ya tara. Ƙasa ba ta narkar da shi, ajiye shi take yi, ruwan sama ya wanke shi zuwa kwalbati, kwalbati ya kai rafi. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa lita ɗaya na iya gurɓata lita miliyan ta ruwan sha. To a dubi inda hanyar take. Kogin Kano yana ratsa Falgore ya zuba a madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, daga nan ruwan ke bin magudanai zuwa gonakin rani na Kadawa da Kura da Bunkure. Tumatirin da tirela ke ɗauka a Kwanar Gafan da wannan ruwa aka shayar da shi. Shafa baƙin mai a jikin dabba don ƙaiƙayi ko kaska, da wasu ke ɗauka magani ne, guba ce ake shafa wa abin da za a yanka a ci. Duro guda a kowane gareji, da mai sayen da zai kai inda ake sake tace shi, zai rage yawancin wannan.

Sai lodi. Ana cewa kwaltarmu ce ba ta da inganci, wani lokaci haka ne. Amma gwajin da injiniyoyi suka yi a jihar Ilinoyi ta Amurka tsakanin 1958 da 1960 ya nuna cewa idan nauyin da ke kan aksil ya ninka sau biyu, lahanin da yake wa titi yana ninkawa kusan sau 16. Mota ɗaya mai obalodi ta fi dubban ƙananan motoci cin kwalta. Titi in ya fashe, kowace mota sai ta ƙara shan mai, tanka ta kife ta malalar da kaya a gona, sannan a sake fasa duwatsu da haƙar marmara don gyara. Ɓangaren titin Zariya zuwa Kano da aka buɗe a 2023 ba zai yi ƙarko ba muddin ba a auna nauyin motocin da ke hawansa.

Zargin Falgore rabinsa gaskiya ne. Motoci na fitowa daga kudancin jihar maƙare da itace da buhunan gawayi, kowa na gani. Amma ba girkin direba a risho ke kayar da itatuwa ba, murhun birnin Kano ne, da gidajen burodi, da tsadar iskar gas da kananzir da ta mayar da gidaje da yawa kan gawayi. Motar 'yar aike ce. Abin damuwar shi ne, dajin Falgore da aka keɓe tun zamanin Turawa da sunan Kogin Kano shi ke riƙe ƙasar da ke saman Tiga. Duk gangaren da aka aske, damina na kwashe ƙasarsa ta jibge a cikin madatsar, yashi ya ci wurin ruwa, manomin rani a Kadawa ya ga magudana ta ja baya a watan Maris.