Attack on Titan: Katun ɗin Yara ne ko Labarin Yaƙi?

Da wuya a samu matashi mai bibiyar finafinan zane na Japan da bai san hoton nan na ƙato marar fata da ke leƙo kai ta saman ganuwa ba. Shi ne Attack on Titan, wanda Japanawa ke kira Shingeki no Kyojin. Shaharar da ya yi ta jawo masa maganganu barkatai, wasu gaskiya, wasu kuwa shaci-faɗi.

Akwai masu cewa fim ɗin China ne. Wannan jita-jita ce. Ɗan Japan ne ya ƙirƙiro labarin, Hajime Isayama, haifaffen yankin Oita a 1986. Hasali ma, a 2015 ma'aikatar al'adu ta China ta saka shi cikin jerin finafinan zanen da ta hana nunawa a intanet.

Haka nan ba a talabijin ya fara ba, kamar yadda wasu ke zato. Littafin zane ne, irin wanda suke kira manga. Kamfanin Kodansha ya riƙa buga shi wata-wata a mujalla daga 2009 zuwa 2021, babi 139 da aka tattara cikin kundi 34. Sai a 2013 kamfanin Wit Studio ya mayar da shi fim mai dogon zango, daga baya MAPPA ya karɓi zangon ƙarshe a 2020, aka rufe a Nuwamba 2023.

Maganar da ta fi damuna ita ce ta iyayen da ke ganin duk abin da aka zana na yara ne, sai su bar ɗan shekara bakwai da waya, hankalinsu kwance. Wannan kuskure ne babba. Labarin na mutane ne da suka fake a bayan ganuwa uku, Maria da Rose da Sina, kowace tsayinta mita 50, saboda tsoron ƙattai masu cin naman mutane. A kashin farko kaɗai, yaron da ake labarinsa, Eren, yana ji yana gani wani ƙato ya ɗauki mahaifiyarsa ya cinye. Daga nan abin sai gaba: jini, yanke gaɓoɓi, azabtar da fursunoni, tura yara fagen fama. A Japan kanta cikin tsakar dare aka riƙa haska shi. Su a wurinsu zane hanya ce ta ba da labari, akwai na yara, akwai na manya, kuma wannan ba na ƙananan yara ba ne.

Zargi mafi nauyi shi ne cewa fim ɗin yana yabon mulkin soja da wariyar jinsi. Wannan kam ba daga sama ya faɗo ba. Isayama da kansa ya bayyana cewa ya zana kwamanda Pixis ne bisa siffar Akiyama Yoshifuru, wani janar na tsohuwar rundunar daular Japan, abin da ya ɓata wa mutane da yawa rai, musamman a Koriya, inda ba a manta da mamayar Japan ba. Sannan a zangon ƙarshe an nuna wata al'umma mai suna Eldia tsare a keɓaɓɓiyar unguwa, kowa da ƙyalle ɗaure a damtse, wanda ke tuna wa mai kallo yadda 'yan Nazi suka yi wa Yahudawa. Mai ƙorafi a kan aron wannan tarihi mai ciwo yana da hujja, kuma ban ga laifinsa ba.

Amma wanda ya kalli fim ɗin har ƙarshe zai ga inda aka dosa. Ƙattan da aka ɗauka dodanni ne, ashe mutane ne aka mayar haka. Abokan gaba na ƙetaren teku su ma suna da iyaye da 'ya'ya. Wata yarinya daga cikinsu mai suna Gabi, wadda aka cusa wa ƙiyayya tun tana ƙarama, sai da ta zauna cikin mutanen ganuwa, waɗanda take kira shaiɗanu, kafin ta gane ƙarya aka shayar da ita. Eren kuwa, wanda aka fara tausaya wa, ramuwar gayya ta kai shi ga hallaka kashi 80 cikin 100 na mutanen da ke wajen tsibirin da ganuwar take, kuma abokansa na ƙuruciya ne suka tashi suka tare shi. A ganina, labarin da ya nuna haka gargaɗi yake yi a kan yaƙi.

Masu cewa an sauya ƙarshen labarin a fim kuwa sun yi ƙari. An gyara wasu kalamai tsakanin Eren da abokinsa Armin, amma makomar kowa tana nan yadda littafin ya ajiye ta.

Ga baligi mai juriyar ganin jini, fim ne da ya cancanci a kalla a kuma yi muhawara a kansa. Iyaye kuma, don Allah ku duba abin da ke cikin wayoyin ƙananan yaranku, wannan ba nasu ba ne.