Yadda Ake Ɗora Ƙashin Cinya da Ƙarfe

A jikin babban mutum akwai ƙasusuwa 206, amma duk cikinsu babu wanda ya kai ƙashin cinya tsawo da ƙarfi. Ya taso daga kwatangwalo ya sauka har gwiwa, tsawonsa kuwa wajen kashi ɗaya ne cikin huɗu na tsayin mai shi. Shi ke ɗauke da nauyin mutum in ya tsaya, ko yana tafiya, ko yana gudu. Saboda ƙarfinsa ba ya karyewa da wasa, sai fa in mota ko babur ya banke mutum, ko yaro ya faɗo daga ƙololuwar mangwaro. Tsofaffi kuwa santsi kaɗan kan isa ya karya su, gama ƙashinsu ya riga ya yi rauni.

Karayar cinya ba kamar ta hannu ba ce. Tsokar da ke kewaye da wannan ƙashi tana da kauri da ƙarfi ƙwarai. Da ƙashin ya karye sai tsokar ta tsuke, ta ja guntayen biyu su goce su hau juna, ƙafar ta gajarce. Ban da wannan kuma, jini yakan zuba a cikin naman cinya har lita 1 ko fiye, alhali kuwa ko ɗigo ba a gani a waje, sai kumburi. Shi ya sa mai irin wannan karaya yakan galabaita nan da nan.

To, ƙashi abu ne mai rai, yana kuwa iya gyara kansa. Jinin da ya taru a bakin karaya yakan daskare, sa'an nan sannu a hankali guringuntsi ya maye gurbinsa, daga baya shi kuma ya taurare ya zama sabon ƙashi. Watau ba likita ne ke haɗa ƙashi ba. Aikinsa shi ne ya daidaita guntayen, ya hana su motsi har su kama juna. Masu ɗori ma abin da suke nufi ke nan da suke jera karare su ɗaure da tsumma. Amma kara ba ya iya rinjayar tsokar cinya. In an ɗaure sako-sako ƙashi ya goce, mutum ya warke da ɗingishi. In kuwa an tamke ƙwarai jini ya kasa gudu, ƙafa ta ruɓe, har ya kai ga yanke ta.

A dā, a asibiti, sai a kwantar da majinyaci, a ɗaura wa ƙafarsa igiya, a rataya wani abu mai nauyi a ƙarshen gado ya riƙa jan ta. Haka zai kwanta wajen wata 3, ba tashi. Ƙashi kam yakan haɗu, amma gwiwa takan sandare, tsoka ta zube, tsofaffi kuma bayansu yakan yi gyambo don kwanciya.

A shekarar 1886 wani likitan Jamus mai suna Hansmann ya gwada ɗora ƙashi da faifan ƙarfe. Dabara ce mai kyau, sai dai kawunan ƙusoshinsa a wajen fata suke, ƙwayoyin cuta kuwa ta nan suke samun ƙofa. Ƙarfen zamanin kuma yakan yi tsatsa a cikin jiki. Wani likita a Landan, Lane, shi ya tsananta tsabta, har ya hana a taɓa rauni da hannu, sai da kayan aiki masu dogon mariƙi. A 1895 Rontgen ya gano hasken da ke ɗaukar hoton ƙashi, likita ya sami damar ganin karaya tun bai tsaga ba. A 1958 kuma waɗansu likitocin Suwizalan suka kafa ƙungiya, suka tsara kayan wannan aiki da hanyar koyar da shi. Yau ƙarfen da ake sa wa mutane iri biyu ne, da ƙarfe marar tsatsa, da wani marar nauyi da ake kira taitaniyam.

Ga yadda aikin yake. Da farko a ɗauki hoton ƙashin, in majinyaci ya zubar da jini da yawa a ƙara masa. A ɗakin tiyata sai a sa shi barci, ko a yi masa allura a gadon baya ƙafafunsa su mutu, don kada ya ji zafi. Likita ya tsaga cinyar ta gefen waje, ya ɗaga tsoka, ya ja ƙafar har bakunan ƙashin su koma mazauninsu. Sa'an nan ya kwantar da faifan ƙarfen a jikin ƙashi. Siriri ne, dogo, da huda jere kamar na sarewa. Ta kowace huda da ya zaɓa sai ya fafe ƙashin, ya auna zurfinsa, ya murɗa noti daidai da shi, waɗansu a sama da karaya, waɗansu a ƙasa. Wanda ya taɓa ganin kafinta yana gyara karyayyar ƙafar tebur da guntun katako da ƙusa ya ga misalin abin. Bambancin dai shi ne tebur ba ya warkewa, ƙashi kuwa yana warkewa. Daga nan a wanke raunin a ɗinke.

Ba kowace karaya ce ake sa wa faifai ba. In ta tsakiyar cinyar babba ce, galibi doguwar sanda ta ƙarfe ake zurawa cikin ramin ɓargo, dabarar da Kuntscher ya fara a Jamus a 1939. Faifai ya fi amfani in karayar tana kusa da gwiwa, ko ga yaro ɗan makaranta, domin akwai guringuntsi a ƙarshen ƙashinsa wanda ta nan yake ƙara tsawo, ba a kuwa so a taɓa shi. Ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara 5 sau da yawa siminti kawai ake sa musu. Asibitin ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, yana cikin wuraren da ake irin waɗannan ayyuka.

Bayan kwana kaɗan sai a ta da majinyaci, a koya masa lanƙwasa gwiwa da tafiya da sanduna. Amma fa ba a yarda ya taka ƙafar da dukan nauyinsa ba sai hoto ya nuna sabon ƙashi ya fito. Nan ne masu gaggawa kan yi ɓarna. Waya ma in an yi ta lanƙwasa ta gaba da baya takan tsinke, haka faifan nan yakan karye in an ɗora masa nauyi tun ƙashi bai kama ba, aiki ya koma ɗanye. Ƙashin babba yakan haɗu cikin wata 3 zuwa 6, na yaro ya fi sauri. Manya da yawa sukan zauna da ƙarfensu har iyakar ransu ba ya damunsu. Yara kuwa sau da yawa akan sake ƙaramar tiyata a cire musu shi bayan ƙashin ya yi ƙwari.