Yadda masana ke hasashen tashin ruwan teku, daga Illela zuwa Badagry

Mutumin Garu da ke Illela, a bakin iyakar Najeriya da Nijar, zai iya cewa ina ruwansa da teku. Amma babbar hanyar Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, wadda aka ƙaddamar da aikinta a 2024, daga Illela ta tashi, kuma a gaɓar Tekun Atlantika za ta tsaya. Albasa da shanun yankin ma can Legas suke sauka.

Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, IPCC, ya ce ruwan teku ya ƙaru da kimanin santimita 20 tsakanin 1901 da 2018. Ruwa yakan kumbura idan ya ɗumama, ga kuma ƙanƙarar duwatsu da ta Antatika tana narkewa.

A da, ma'aunin da ake kafawa a tashoshin jiragen ruwa kaɗai ake dogara da shi. Daga 1992, da Amurka da Faransa suka harba tauraron ɗan'adam na TOPEX/Poseidon, sai aka fara auna tekun daga sama: a aika sigina ƙasa, a lissafa lokacin dawowarsa.

Hasashen kuwa aikin kwamfuta ne. Ana raba teku gida-gida kamar filin dara, kowane gida da zafinsa da gishirinsa da iskar da ke kaɗa shi. Sai a gwada lissafin a kan shekarun baya. In ya dace da abin da aka auna, a tura shi gaba. Ta haka IPCC ta kai ga ƙarin santimita 28 zuwa 55 nan da 2100 idan an rage hayaƙi sosai, ko 63 zuwa 101 idan an bar shi yana hauhawa.

Inda gizo ke saƙar shi ne bakin gaɓa. Siginar tauraro takan rikice kusa da tudu, ma'aunan da suka daɗe suna aiki a Afirka ta Yamma kuma 'yan kaɗan ne. Sannan wasu sassan Legas nutsewa suke yi, saboda zuƙe ruwan rijiyoyin burtsatse da gini a kan fadamar da aka cike, abin da awon tsakiyar teku ba ya nunawa. Mutanen Ayetoro a Jihar Ondo, da teku ya cinye musu gidaje, ba a takarda suka san wannan ba.

A ganina, kafin a yanke tsayin titi da gadoji a ɓangaren Badagry, ya kamata a auna nutsewar ƙasar wurin, a haɗa ta da ƙarin ruwan da ake hasashe.