Masu Ƙidayar Dodon-Koɗi A Ƙarƙashin Ruwa

Jama'ar Zango, dukanmu mun san dodon-koɗi, tun da ba a rasa shi a kasuwanninmu. To, a cikin teku akwai ɗan'uwansa wanda ba shi da gida a bayansa, tsirara yake yawo. Masana sun ce irinsu sun kai wajen 3,000. Yawancinsu ba su kai tsawon ɗan yatsa ba, amma ga launi iri iri, ja da shuɗi da rawaya, sai ka ce atamfa.

A ƙasar Ostareliya, kamar mil 100 arewa da birnin Sidni, akwai wani wuri Port Stephens, inda kogin Myall da na Karuah suke gamuwa da ruwan gishiri. Nan ne cikin Disamba 2013 Farfesa Steve Smith na Jami'ar Southern Cross da abokan aikinsa suka soma ƙidayarsu. Masu ninƙaya na sa-kai sukan goya tulun iska, irin wanda Cousteau da Gagnan suka ƙago a Faransa cikin 1943, su nutse. Ba a kama dabbar. Hoto kurum za a ɗauka, a rubuta wuri da rana, sa'an nan masana su fitar da sunanta.

Wahalar aikin ita ce ruwan. Sau biyu a yini teku takan ciko cikin kogi, ta kuma janye da ƙarfi, kamar yadda ake gani a Ada, bakin Volta. Saboda haka sai a jira ruwa ya gama cikowa ya tsaya cik, lokacin ne ya fi haske. Wanda ya yi jinkiri, igiyar ruwa ta ja shi.

Wani zai ce wannan aikin marasa aikin yi ne. Mu dai ba mu ga haka ba. Waɗannan dabbobi galibi ba su wuce shekara guda a duniya, kuma kowane iri da abincinsa, ba ya cin wani. Watau da ruwa ya sake, su ne farkon nunawa. Ga shi kuwa ƙidayar ta nuna waɗansu irin na ruwan zafi sun gangaro kudu, inda da ba a ganinsu, domin tekun gabashin Ostareliya tana ƙara ɗumi. Ɗumin nan kuwa yana korar kifi daga inda masunta suka saba samunsa.