Dalilin Sake Sunayen Biranen Mulki

Sau da yawa sunan babban birni yakan bi hannun mai mulki ne. Wanda ya ci ƙasa shi kan raɗa wa birninta suna, in kuwa mulki ya juya sai a sake.

Ga misali a ƙasar Cadi. A shekarar 1900 Faransawa suka gwabza da Rabe a Kusiri, aka kashe Rabe, aka kuma kashe Lami, shugaban rundunarsu. Suka kafa bariki a tsallaken kogin Shari, suka kira shi Fot Lami. Da wannan suna alhazan da suka bi ta ƙasa suka san garin. Sai a 1973, shekara 13 bayan samun mulkin kai, Shugaba Tambalbai ya mai da shi Njamena, don a kawar da sunan sojan baƙi. Haka Liyofolbil ta Kwango, mai sunan sarkin Beljiyam, ta koma Kinshasa a 1966.

Na Nijeriya dabam ne, aron suna aka yi. Abuja asalinta garin Abu Ja ne, na zuriyar sarakunan Haɓe na Zazzau. A 1976 gwamnati ta yanke shawarar gina sabon birnin tarayya, aka ba shi wannan suna, tsohon garin kuwa ya zama Suleja, watau da sunan Sarki Sulaimanu Barau. Saboda haka malamin da ya tarar da "Abuja" a takardar haraji ko ta iyaka ta zamanin En'e, sai ya lura, Suleja ake nufi.