Nasiha Ga 'Yan Kasuwa A Kan Sayen Ƙaramar Marsandi Ta Hannu Da 'Yan Uwanta

Zuwa ga fatake da dillalai da masu awo na Kajiji da Shagari da Bodinga da Tambuwal, da duk inda wagga takarda ta kai. Yau, bayan lissafin gero da dawa da wake, ina so mu tattauna kan wata haja da ba a aunawa da kwano, amma tana cinye buhuna fiye da gara. Watau ƙananan motocin alfarma na hannu, waɗanda samarinmu na kasuwa, har da wasu dattawa, sunka ɗora wa ido a 'yan shekarun ga.

Son Mercedes-Benz, wadda muke kira Marsandi, tsoho ne a ƙasarmu. Zamanin soja an saba ganin manyan gwamnati cikin Peugeot 504 wadda ake haɗawa a Kaduna tun 1975. Da Alhaji Shehu Shagari ya hau mulki a 1979 sai anka koma Marsandi, har wata babba daga cikinsu ta samu laƙabi da sunanshi. Waccan motar sarakuna ce da ministoci. A 1982 kamfanin ya fitar da ƙarama mai lamba 190, don mai matsakaicin ƙarfi shi ma ya ɗanɗana, a 1993 kuma C-Class ta gaje ta. Wadda ta fi yawa a hannun dillalai ita ce C300, ƙirar 2007 zuwa 2014. Abokan gasarta biyu ne: BMW mai lamba 3, wadda Jamusawa ke ƙerawa tun 1975, da Lexus IS250, ƙirar 2005 zuwa 2013, wadda ɗiyar gidan Toyota ce. Dukansu gajeru ne, masu kwanciya ƙasa, masu saurin tashi, an yi su don kwalta mai santsi da ƙasa mai sanyi. Wanga shi ne abin da mai saye ya kamata ya fara riƙewa.

Kafin mu duba jikin mota, mu duba hanyar da ta biyo. Da can galibin motocin hannu na yankinmu daga Kwatano suke fitowa, su ratso Nijar ta Gaya da Dosso, su shigo ta Kamba ko ta Birnin Ƙonni zuwa Illela. Daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta kan iyakar tudu, ta ce sai ta tashar jirgin ruwa. A Agusta 2019 anka rufe iyakokin ɗungurungum, ba a buɗe Illela ba sai Disamba 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na Yuli 2023 anka sake rufewa har Maris 2024. Duk tsawon wanga lokaci motoci ba su daina ɓullowa ta daji ba, kuma da yawansu takardun dutinsu na bugi ne. A 2024 kwastan ta ba da wa'adin kwana 90 ga masu irin waɗanga motoci su zo su biya, wasu sunka biya, wasu ba su biya ba, kuma waɗanda ba a biya wa ba suna nan suna canza hannu. To mu da ke zaune bakin babbar hanyar Sakkwato zuwa Jega mun san yawan shingayen da ke kanta. Motar da ba ta da duti na gaskiya, ranar da anka tare ta, ba wanda ya sayar maka za a kama ba, kai da ke riƙe da sitiyari za a saukar. Saboda haka kada ka yarda da hoton takarda, kada ka yarda da rantsuwa. Ka ɗauki takardun da lambar shasi ka tafi ofishin kwastan da ƙafarka a duba maka, tun ba ka ba da ko kafin alƙalami ba.

Ita lambar shasi haruffa da lambobi 17 ne, ana ganinta a gindin gilashin gaba ta wajen direba, da jikin ƙofa. Ka tabbata ta jikin mota da ta takarda ɗaya ce, harafi da harafi. Tana da wani amfani kuma. Mafi yawan C300 da IS250 da ke ƙasar ga daga Amurka sunka fito, kuma da yawa daga wurin gwanjon motocin da sunka yi haɗari ko ruwa ya ci, irin su Copart da IAA. Guguwar Harvey a 2017 da ta Ian a 2022 sun nutsar da motoci masu ɗimbin yawa, wasunsu an wanke an shanya an loda jirgi. In ka ba yaro mai waya lambar nan ya bincika a intanet, sau da yawa har hoton motar ranar gwanjo zai fito, ka ga gabanta a murƙushe ko laka har kujera. Motar da ta sha ruwa kamar hatsin da ya sha raɓa a rumbu ne: sama lafiya lau, ciki ya fara ruɓa. Wayoyinta da kwamfutarta za su riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, yau gilashi ba ya sauka, gobe giya ta ƙi shiga.

Babu ɗayanmu da zai sayi buhu ɗari bai soka ƙarfe ya ga abin da ke tsakiya ba. Haka za a yi wa mota. Ka zo da bakanikenka, ba na mai mota ba, ba na dillali ba, kuma ya kasance mai na'urar da ake jonawa a karanta kwamfutar mota. Ku je da sassafe injin na sanyi, domin ƙarar da ke ɓoye a injin mai zafi da safe take fitowa. In an murɗa makulli kafin a tayar, duk fitilun gargaɗi na gaban direba su kama, sa'an nan su mutu bayan injin ya tashi. Wadda ba ta kama ba ko kaɗan, to an cire ƙwanta ko an rufe ta don kada ta tona asiri. A ɗaga kafet a shinshina, a duba ƙarƙashin kujera ko akwai tsatsa da busasshiyar laka. A hau da ita rami a duba cikinta, domin a ƙasashen ƙanƙara gishiri suke zuba wa hanya, kuma C-Class ta waɗannan shekaru an san ta da cin tsatsa a ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun baya. A duba salansa ko an fasa an cire abin tace hayaƙi, wanda bakanikai ke kira indomi, don shina da tsada kuma rashinsa na ƙara shan mai. Lissafin tafiyar motar Amurka da mil yake, mil 100,000 kilomita 160,000 ne, kuma ana mayar da agogon baya, don haka ka gwada shi da cinyewar sitiyari da kujera da fedar birki. In kuwa ka ga alamar sitiyarinta da can a dama yake anka mayar hagu, bar ta. Tun 1972 ƙasar ga ta koma tuƙin hannun dama, kuma juyin da ake yi a gareji ba abin dogara da rai ba ne.

Kowace daga cikin ukun tana da ciwonta na gado. C300 tana da wani makulli na lantarki a sitiyari, in ya mutu mota ba ta ko tari, ko da injinta lafiya yake, kuma ba kowane mai wayarin ne ke iya buɗe shi ba. BMW mai lamba 3 ta 2005 zuwa 2011 famfon ruwanta na lantarki ne, shina iya tsayawa ba sallama, ga kuma yoyon baƙin mai, ga robobin hanyar ruwa da ke fashewa in sun tsufa. Ku tuna zafinmu na bazara shina wuce digiri 40. IS250 ta fi su haƙuri da sauƙin kayan gyara, amma injinta na tara baƙin dauɗa a bakin bawul, fatar gabanta kuma tana narkewa ta yi danƙo a rana, bayanta kuwa matsattse ne ƙwarai. Masu ƙofa biyu daga cikinsu sun fi kyan gani, amma mai iyali ya yi tunani: tsohuwa za a kai asibiti a Sakkwato, ta yaya za ta lanƙwashe ta shiga baya? Ranar sayarwa kuma masu neman ƙofa biyu kaɗan ne, sai ka karya kuɗi.

Sa'an nan mu zo ga ci da sha. Tankin C300 lita 66 yake ci, tana kuma shan wajen lita 10 zuwa 13 a kowace kilomita 100. Kafin a cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba, watau da ƙasa da naira 13,200 an cika ta. A ƙarshen 2024 da lita ta haura naira 1,000, cikawa ɗaya ta wuce naira 66,000. Injinta shina ɗaukar wajen lita 8 na baƙin mai, kuma ba na durom da ake aunawa a galan ba, sai mai tsada na cikin roba a rufe. Man bunburutu na bakin hanya da ake gaurayawa shina kashe mata famfo da nozul. Ƙurar hunturu tana toshe matatar iska da wuri. Tayarta siririya ce, rami ɗaya ya isa ya fasa taya ya lanƙwasa rim. Tsakanin cikinta da ƙasa bai fi taƙi guda ba, alhali mu cinikinmu a ƙauye yake, hanyar burji da yashi da kwazazzabo, da damina kuma sai wanda ya gani. Kayan gyaranta da dala ake shigo da su, kuma tun da anka saki naira a Yuni 2023 dala ta tashi daga wajen 460 ta wuce 1,500 a 2024. Abin da ba a samu Sakkwato ba sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Ladipo a Ikko, mota na jingine ƙarƙashin darbejiya tana jira. Ina kuma gargaɗi da wata al'ada ta gareji, ta cire abin da ke daidaita zafin ruwa a jona fanka kai tsaye wai don zafin ƙasarmu. Tsohuwar Peugeot ta jure wannan. Waɗanga masu kwamfuta ba su jurewa, sai shan mai ya ƙaru injin ya gaji da wuri.

Yanzu ga maganar da ta fi duka nauyi. Ɗan hatsi shina saye da kaka, ya ajiye, ya fitar da bazara zuwa tsakiyar damina. Saboda haka lokacin da kuɗi sunka fi taruwa a hannunshi shi ne gab da sabon gero, kuma a daidai lokacin ne dillalin mota ke zuwa da makulli shina kaɗawa. Waɗanga kuɗi ba riba ba ne duka, mafi yawansu uwa ce da za ta koma rumbu, wani sashe ma na mutane ne da sunka ba da amana a juya musu. Wanda ya yanki uwar kuɗi ya sayi mota, kaka za ta same shi da ɗaki wofi, ya koma sayen bashi ko dillancin kayan wasu. Kasuwa kuma ba ta da alkawari. Kun ga yadda hatsi ya yi tashin da ba a taɓa gani ba a 2024, har gwamnati ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, sa'an nan a 2025 farashi ya faɗo, waɗanda sunka tara da tsada sunka sayar da hasara. Wanda ke da sauran jari ya tashi. Wanda jarinshi ke tsaye kan taya huɗu, ya fitar da motar, anka taya ta da abin da bai kai kuɗin sayenta ba.

Ga ma'aunin da nake ba wanda ya nemi shawarata. Ka mayar da kuɗin motar buhunan gero a farashin ranar, ka ƙara na duti in da saura, da la'ada, da canjin suna da lamba da inshora, da tayu huɗu da batir da juyen mai na farko, domin da wuya motar hannu ta zo ba ta neman waɗanga. Sa'an nan ka ware wasu buhunan na cinta na shekara guda. In ka cire duk wannan daga ribar da ta tabbata, bayan zakka da haƙƙin mutane da abincin gida, kuma abin da za ka saya da kaka bai ragu da buhu ɗaya ba, to saya, Allah ya sa albarka, jin daɗin halal ba laifi ba ne. In kuwa sai ka taɓa uwa, to ka haƙura bana. In abin hawa kake bukata don aiki, akori-kura ko Kanta tana ɗauko kaya ta biya kuɗin manta, Corolla kuma kowane bakanike daga Bodinga zuwa Tambuwal ya san cikinta.

Daga ƙarshe, ga 'yan uwana dillalai. Duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta babin ciniki a Risala ya san ɓoye aibin haja haramun ne, kuma mai saye shina da ikon mayarwa in ya tarar da aibin da anka rufe mishi. Wanga hukunci bai tsaya ga hatsi da dabba ba, ya hau kan mota. In ka san ta sha ruwa ko dutinta bai cika ba, faɗi, a yi ciniki a kan haka. Mai saye kuma ya sa a rubuta yarjejeniya da lambar shasi da kuɗin da anka biya da sauran da ya rage, da sharaɗin mayarwa in takarda ta fito ta bugi, shaidu biyu su sa hannu, a biya ta banki don a samu shaida. La'ada ta kwana ɗaya ce, amma fuskokinmu kullum suna haɗuwa a kasuwa ɗaya.

Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mu da hasara da haɗarin hanya, ya sa mu ga kaka lafiya. Amin. Wassalam.