A Sake Lissafi: Masanan Halayyar Ɗan Adam Sun Fara Buɗe Littattafansu

Duk falken da ya taɓa kawo shanu ko goro Kurmi ya san ba a karɓar jimlar kuɗi daga bakin dillali kawai. Sai an ɗauko littafi, an bi ciniki ɗaya bayan ɗaya, an ga jimlar ta fito daidai. To, wannan abu da 'yan kasuwa suka daɗe da sani shi ne ya ta da ƙura tsakanin masanan ilmin halayyar ɗan Adam a jami'o'in Turai da Amurka.

Ga yadda aikinsu yake. Masani yakan tara mutane ya yi musu tambayoyi ko gwaje-gwaje, ya mai da amsoshinsu alƙaluma, ya zuba a kwamfuta ta yi lissafi, sa'an nan ya buga sakamakon a mujallar masana. Daga nan maganar takan shiga littattafan makaranta, malamai da likitoci su yi aiki da ita. Abin tambaya shi ne, in wani ya ɗauki alƙaluman nan dai, ya bi hanyar nan dai, zai sami amsar da aka buga? Ba ma a kai ga batun sake gwajin da sababbin mutane ba. Jimla kawai za a sake tarawa.

A 2006 Jelte Wicherts da abokan aikinsa a ƙasar Holan suka nemi asalin alƙaluma daga marubutan rahotanni 141. Kashi 73 cikin 100 ba su bayar ba. Watau littafin ma an ƙi buɗewa, balle a duba.

Bayan haka Michèle Nuijten ta Jami'ar Tilburg da abokanta suka sa wata manhaja mai suna statcheck ta bi rahotanni fiye da 30,000 da aka buga daga 1985 zuwa 2013. Cikin waɗanda ta iya dubawa, wajen rabi suna da aƙalla lissafi ɗaya da bai dace da sauran alƙalumansa ba. Ɗaya cikin takwas kuwa, kuskuren ya kai ya iya juya hukuncin da aka yanke.

Mujallar Cognition ta tilasta wa marubuta ajiye alƙalumansu a fili tun 2015. Amma da Tom Hardwicke da mutanensa suka gwada rahotanni 35 na mujallar, sakamakon da suka buga a 2018 bai yi daɗi ba. Guda 11 lissafinsu ya fito ba tare da taimakon kowa ba, 11 sai da aka koma wurin marubutan, 13 kuwa ko da taimakon wani sashe ya ƙi fita.

Kada mai karatu ya ɗauka duk maguɗi ne. An sami mai maguɗi kam, Diederik Stapel, wanda asirinsa ya tonu a 2011 cewa ƙirƙirar alƙaluma yake yi. Amma yawanci abin bai kai nan ba. Wani ya kwafi lamba daga allon kwamfuta ya yi tuntuɓen hannu. Wani ya cire amsoshin mutum biyar don sun yi wasa da tambayoyi, bai rubuta su wa ya cire ba, bayan shekara uku shi kansa ya manta. Wani kuma manhajar da ya yi aiki da ita an sabunta ta, ta sake hali. Sakaci ne, amma ga wanda zai dogara da sakamakon, sakaci da maguɗi duk hasara ɗaya suke jawowa.

Maganin da ake bi yanzu shi ne masani ya rubuta kowane mataki na lissafinsa a matsayin umurni ga kwamfuta, galibi da harshen lissafi mai suna R, ya haɗa umurnin da rahoton wuri guda, yadda lambobin za su shiga rubutun da kansu ba a kwafa da hannu ba. Sa'an nan ya ajiye duka a rumbun intanet irin na OSF, wanda cibiyar da Brian Nosek da Jeffrey Spies suka kafa a Jihar Bajiniya a 2013 take kula da shi. Waɗansu har manhajar sukan ƙunshe da Docker don kada ta sake. Akwai wahala: aikin yana cin lokaci, kuma tilas a ɓoye sunayen mutanen da suka faɗi sirrinsu.

Mujallar Psychological Science ta fara liƙa lambar yabo a kan rahotannin da suka buɗe alƙalumansu a 2014. Da aka duba rahotanni 14 na fitowar Afrilu 2019, duk masu lambar, guda ɗaya tak ne lissafinsa ya fito cif yadda aka buga. Da Simine Vazire ta zama edita a 2024, mujallar ta naɗa mutane musamman masu duba ko lissafi yana maimaituwa kafin a kai rahoto ɗab'i.